Martani Ga Mai Cewa Ruwa Ruwa Ne: Gishirin Jini Da Ran Majinyaci A Gidan Amumune

Wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da maƙala kwanakin baya a kan ƙarin ruwan da ake yi wa marasa lafiya a asibitocinmu na karkara, ya kafa misali da Gidan Amumune ta gundumar Mayahi a jihar Maraɗi. Abin da ya tayar masa da maganar shi ne muhawarar da likitocin duniya ke yi a kan sinadarin kulorayid, ɗaya daga cikin abubuwa biyu da suka haɗu suka zama gishirin da muke ci, da yadda hawansa ko saukarsa a jini ke da alaƙa da mutuwa ko tashin wanda ciwo ya tsananta a kansa. Hukuncin da ya yanke shi ne wannan zance ba namu ba ne. A fili yake tausayin talaka ne ya sa shi ɗaukar alƙalami. Sai dai tausayi ba ya miƙar da hujja in ta karkace, kuma shawarar da ya rufe da ita, in aka bi ta, mutanen da yake son karewa ne za ta cutar. Shi ya sa yin shiru bai kama ni ba.

Bari in shimfiɗa hujjojinsa yadda shi kansa zai yarda ba a rage masa komai ba. Na farko, ya ce auna kulorayid aikin na'ura ne, na'urar kuwa tana manyan asibitoci. Ma'aikacin jinya na ƙauye, wanda wani daren da fitilar hannu yake laluben jijiyar yaro, ba shi da hanyar sanin sinadarin ya hau ko ya sauka, don haka ɗora masa wannan tunani ƙarin wahala ne kawai. Na biyu, ya ce ruwan gishirin da ake sawa ta jijiya ya haura shekara ɗari yana ceton rayuka, kuma manyan gwaje-gwajen Burazil da Ostireliya ba su ga bambancin mace-mace tsakaninsa da ruwa mai ƙarancin kulorayid ba. Na uku, ya ce ko an ga masu yawan kulorayid sun fi mutuwa, tsananin ciwonsu ne ya kashe su, sinadarin alama ce kawai. Na huɗu, wanda shi ne ginshiƙin maƙalar, ya ce mutanenmu ƙarancin ruwa ke kashe su, saboda haka duk ledar da ta zo hannu a rataya ta, a buɗe ta ta zuba, a daina sa wa ma'aikata da iyalai shakka. Kowace ɗaya tana da ƙamshin gaskiya, kuma zan nuna shi a inda yake. Amma huɗun, ko an haɗa su, ba su isa su kai shi inda ya tsaya ba.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ake gardama a kai. A jinin mai lafiya, kulorayid yana tsakanin milimol 96 da 106 a kowace lita. Ledar ruwan gishiri, wadda ake rubuta wa NaCl 0,9% a jiki, tana ɗauke da gishiri giram 9 a lita, sodiyam 154, kulorayid ma 154. Ke nan kulorayid ɗinta ya ɗara na jini da kusan rabi. Wata ledar kuma, mai rubutun Ringer Lactate, nata kimanin 109 ne, tana da ɗan fotasiyam da kalsiyam, tana kuma da laktet, wanda hanta ke juyawa ya zama baikabonet. Dukkansu ruwa ne garau, ido ba ya rabe su sai an karanta rubutun, amma aikinsu a jiki ba ɗaya ba ne. Duk macen da ta taɓa dafa miyar yakuwa ta san 'yar kanwa ke kashe tsami. Jini ma yana da tasa kanwar, ita ce baikabonet. Idan kulorayid ya yi yawa sai baikabonet ya ja baya, jini ya karkata zuwa tsami, majinyaci ya shiga jan numfashi mai zurfi don ya rage tsamin ta huhu. Ƙoda kuma tana da wurin da take ɗanɗana kulorayid ɗin da ke ratsa ta. In ta ji ya yi yawa sai ta tsuke ƙananan jijiyoyin da ke kawo mata jini, tacewa ta ragu, fitsari ya ragu. Haka Allah Ya gina jikin ɗan Adam, a Melbourne yake ko a Mayahi.

To, mu ɗauki hujja ta farko. Gaskiya ne cibiyar lafiya ta ƙauye ba ta da na'urar auna gishirin jini. Amma tun yaushe rashin ma'auni ya zama rashin cuta? Hawan jini bai kashe mutane ba kafin a kawo abin awon da ake ɗaurawa a damtse? Ƙodar manomin Gidan Amumune takardar sakamako take jira kafin ta tsuke jijiyoyinta? Hasali ma, a nan reshe ne ya juye da mujiya. A asibitin da ke da komai ana ɗibar jinin majinyaci safe da yamma. Da zarar kulorayid ya fara hawa an gani, an canza ruwa, in kuma ƙoda ta tsaya ga na'urar wanki a gefen gado. A nan kuwa majinyaci yakan taso daga ƙauye a kan amalanke ko babur, ya sauka cibiyar lafiya, in abin ya fi ƙarfinsu a tura shi asibitin gunduma a Mayahi ko Tasawa, daga can sai Maraɗi. In ƙodarsa ta tsaya, wankinta sai manyan birane, da kuɗin da yawancin gidaje ba za su haɗa ba ko sun sayar da dabbobinsu. Wanda ba ya iya gano ɓarna da wuri, ba ya kuma iya gyara ta in ta auku, shi ya fi kowa buƙatar kauce mata tun farko. Kaucewar kuwa ba ta jiran na'ura, domin abin da aka zuba a jijiya sananne ne: an san leda nawa aka sa, an san abin da ke cikin kowace leda. Ma'aikacin da ya iya karanta rubutun leda, ya ƙirga ɗigo, ya lura da fitsari da numfashi, ya riga ya riƙe mafi amfanin wannan ilimin. A ce ya fi ƙarfinsa raina shi ne, alhali kullum shi ke lissafa maganin yaro bisa nauyinsa.

Hujja ta biyu ta jingina da tarihi, sai dai tarihin bai goyi bayanta ba. A 1832, lokacin da kwalara ta afka wa Birtaniya, likita Thomas Latta na garin Leith a Sikotilan ya zuba wa majinyata ruwa ta jijiya, aikin da ake ɗauka mafarin ƙarin ruwa. Ya dogara ne da binciken William O'Shaughnessy, wanda ya auna jinin masu kwalara ya ga sun rasa ruwa da gishiri da kuma sinadarin da ke kashe tsami. Saboda haka ruwan Latta ya haɗa da soda, ba gishiri zalla ba ne. Adadin nan na kashi 0.9 ana danganta shi da aikin Hartog Hamburger, masanin ƙasar Holan, wanda a shekarun 1890 ya duba yadda ƙwayoyin jini ke kumbura ko fashewa a ruwan gishiri a ɗakin bincike. Ba a kan majinyata aka gwada shi aka ga ya fi sauran ba. Sydney Ringer ya haɗa nasa ruwan a Landan a farkon shekarun 1880, sannan a shekarun 1930 Alexis Hartmann, likitan yara a Amurka, ya ƙara masa laktet saboda tsamin jinin da ke wahalar da yaran da yake jinya. Ke nan damuwa da tsamin jini ta girmi ledar da marubucin yake karewa. Ba mai musun cewa ruwan gishiri ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Kinin ma ya cece su, amma da gwajin AQUAMAT na 2010 ya nuna allurar atesunat ta fi shi tsirar da yaran Afirka masu masassarar cizon sauro mai tsanani, ai an koma kanta.

Sai gwaje-gwajen da ya ambata. Ya kawo biyu, ya tsallake sauran. A 2012 asibitin Austin na Melbourne ya wallafa abin da ya gani bayan ya taƙaita ruwa mai yawan kulorayid a ɗakin masu tsananin ciwo: raunin ƙoda ya sauka daga kashi 14 cikin 100 zuwa 8.4, ko da yake mace-mace ba su canza ba. A 2018 gwajin SMART na jami'ar Vanderbilt a Amurka, mai majinyata 15,802, ya haɗa mutuwa da wankin ƙoda da raunin ƙoda mai ɗorewa a lissafi ɗaya, ya samu kashi 14.3 ga waɗanda aka ba ruwa irin na Ringer, 15.4 ga waɗanda aka ba ruwan gishiri. A cikin waɗanda ƙwayoyin cuta suka bazu a jininsu kuwa mutuwa ta kasance kashi 25.2 da 29.4. Daga nan aka yi BaSICS a Burazil a 2021, mutum sama da 10,000, mutuwa kashi 26.4 ga masu ruwa irin na Ringer da 27.2 ga masu ruwan gishiri, sai PLUS a Ostireliya da Niyu Zilan a 2022, mutum 5,037, mutuwa kashi 21.8 da 22.0. Marubucin ya yi gaskiya, bambancin waɗannan biyun bai kai a kafa hukunci da shi ba, kuma na yarda ruwan gishiri ba guba ba ne. Amma da masana suka tattara gwaje-gwaje 13 masu majinyata sama da 35,000 a 2022, sun ƙiyasta yiwuwar ruwa irin na Ringer ya rage mutuwa ta kusa kashi 90 cikin 100, ko da ragin kaɗan ne. Jagorar duniya ta 2021 a kan jinyar bazuwar ƙwayoyin cuta a jini ita ma gare shi ta karkata. Mutum ɗaya cikin ɗari ƙarami ne a ido. Sai dai wannan magani ne da ake rataya wa dubban mutane kowace rana, kuma Ringer ba sabon abu mai tsada ba ne, tsohon ruwa ne da ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wane dalili zai sa a yar da ribar da kusan duk kuɗinta shi ne karanta rubutun leda?

Akwai kuma abin da ya kuɓuce wa marubucin, wato yawan ruwan da aka ba mutanen waɗancan gwaje-gwajen. A SMART, rabin majinyatan abin da ya shiga jikinsu bai wuce lita ɗaya da 'yan kai ba. Mu kuwa a ina muke zuba ruwa da gaske? A kwalara. Jihar Maraɗi ba ta manta da annobar da ta tashi a gundumar Madarunfa a watan Yulin 2018 ba, wadda ta kama mutum sama da 3,000, ko ta 2021 da ta kama sama da 5,000 a faɗin Nijar. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga wanda amai da zawo suka tsotse ita ce mililita 100 a kowane kilo na nauyinsa. Magidanci mai kilo 60 zai karɓi lita 6 ta jijiya cikin awa 3. In ruwan gishiri ne, giram 54 na gishiri ke nan, kulorayid milimol 924. In Ringer ne, kimanin 654. Za a ce ai gishirin ya zubar, dole a mayar masa. Haka ne, amma a duba abin da ya zubar ɗin. Zawon kwalara na babban mutum yana fita da kulorayid kimanin 100 a lita, baikabonet kimanin 45, fotasiyam kimanin 15. Ruwan gishiri zai mayar masa da kulorayid fiye da yadda ya rasa, ba zai mayar masa da baikabonet ko fotasiyam ko ƙanƙani ba, alhali jininsa ya riga ya yi tsami kafin ya iso. Wannan ne ya sa ƙa'idar ta sa Ringer a gaba, ta ce a koma ga ruwan gishiri in babu shi, ta hana ruwan sukari zalla, ta kuma ce a fara ba majinyaci ruwan gishiri da sukari na sha da zarar ya iya haɗiya. Zancen da marubucin ya ce na asibitocin masu kuɗi ne, tun tuni yana cikin ƙa'idar da ake bi a rumfunan jinyar kwalara. Ko rumfar kwalara ma ta masu kuɗi ce?

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi a ilmance, ta kuma cancanci amsa a natse. Gaskiya ne binciken da ya tsaya ga duba takardun asibiti ba ya iya rabe sanadi da alama. Wanda ciwonsa ya fi tsanani shi aka fi zuba wa ruwa, shi kulorayid ɗinsa ya fi hawa, shi kuma ya fi kusa da mutuwa. Amma hujjar ba a takardu kawai take ba. Tun 1983 Christopher Wilcox ya nuna a jikin karnuka cewa ƙara kulorayid a jinin da ke shiga ƙoda yana tsuke jijiyoyinta. A 2012 masu bincike a Nottingham ta Ingila suka sa wa lafiyayyun mutane 12 lita biyu-biyu, wani zubin ruwan gishiri, wani zubin ruwa mai kulorayid daidai da na jini, suka ɗauki hoton ƙodarsu: ruwan gishiri ya rage gudun jini a ƙoda, ɗayan bai rage ba. Waɗannan mutane ba su da ciwon da za a ɗora wa laifi. To mene ne ya rage jinin, in ba abin da ke cikin leda ba? Sannan a lura, ƙarancin kulorayid shi ma haɗari ne. Mai amai ba ƙaƙƙautawa yana zubar da ruwan ciki mai cike da shi. Mai ciwon zuciya da ke shan maganin sa fitsari yana rasa shi ta ƙoda, kuma bincike ya sha nuna cewa masu ciwon zuciyar da nasu ya yi ƙasa sun fi mutuwa. Haɗarin gefe biyu yake, aminci yana tsakiya. In ma an ce alama ce kawai, wane likita ne ke watsi da alama? Zafin jiki ma alama ne, amma ba wanda ya ce a jefar da ma'aunin zafi.

Yanzu ga hujja ta huɗu, wadda ita ce ta tilasta wannan martani: a rataya duk ledar da aka samu, a buɗe ta ta zuba. Wannan shawara an gwada ta, a Afirka aka gwada ta, a kan yara irin namu, kuma sakamakon ya girgiza masu gwajin kansu. Gwajin FEAST, wanda Kathryn Maitland ta jagoranta a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, aka wallafa a 2011, ya ƙunshi yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin zagayawar jini, fiye da rabinsu masu masassarar cizon sauro. An zuba wa wasu ruwan gishiri da sauri, wasu ruwan albumin, wasu kuma aka bar su a kan ɗigo na hankali. Cikin awa 48, kashi 10.5 na masu ruwan gishiri suka rasu, 10.6 na masu albumin, 7.3 na waɗanda ba a zuba wa ba. Sai da aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. A 2017 an ga makamancin haka ga manya a asibitin koyarwa na Lusaka a Zambiya: waɗanda aka bi da su da tsarin da ya ƙunshi ruwa mai yawa da sauri, kashi 48 suka rasu, waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba, 33. A yi adalci, FEAST bai haɗa da yaran da zawo ya tsotse ba. Su kam ruwa ne cetonsu, da sauri kuma. Abin da aka koya shi ne yaro mai zazzaɓi daban, yaro mai zawo daban, ko da dukkansu sun iso a galabaice a bayan uwa.

A dubi yadda abin yake a gado a watan Satumba, lokacin da sauro ya yi yawa, rumbu kuma bai cika ba tukuna. An kawo yaro ɗan shekara biyu, jiki rau da zafi, tafin hannu fari fat, yana jan numfashi mai zurfi, ƙirji na ɗagawa yana sauka. Wannan numfashin na tsamin jini ne, kuma abin da yaron ke nema shi ne allurar atesunat, a duba sukarin jininsa, wataƙila a ƙara masa jini. In aka bi shawarar marubucin aka buɗe masa ruwan gishiri, jinin da dama ya yi ƙaranci zai ƙara tsinkewa, kulorayid zai ƙara tsamin, numfashi zai ƙara zurfi, mai kallo kuma zai iya ɗauka ruwan ne bai isa ba, ya ƙara wata leda. A gadon da ke kusa ga yarinya mai tamowa, idanu sun faɗa, in aka tsunkuli fatar cikinta sai ta tsaya ba ta koma ba. Ido zai ce rashin ruwa ne, alhali tamowa kaɗai tana kawo waɗannan alamun. Zuciyarta ta raunana, sodiyam ya yi mata yawa, fotasiyam ne ya ƙare. Ruwan jijiya mai yawa a huhunta zai taru. Shi ya sa ƙa'idar jinyar tamowa ta hana sa ruwa ta jijiya sai in zagayawar jini ta durƙushe, aka kuma tanadi ReSoMal, ruwan sha mai ƙarancin sodiyam, a ba ta kaɗan-kaɗan da cokali. Jihar Maraɗi ta ji jiki a yunwar 2005 kafin wannan ilimi ya zauna a cibiyoyin farfaɗo da yara masu tamowa. Za mu zubar da shi ne saboda magana ɗaya mai daɗin ji?

Marubucin yana tsoron kada irin wannan bayani ya sa ma'aikaci jinkiri majinyaci na mutuwa, ko iyalai su guji asibiti. Tsoro ne na mai hankali, amma maganinsa ƙarin bayani ne. Don haka a faɗa ƙarara: idan mutum ya zo a bushe saboda amai da zawo, ba a jin bugun jijiyarsa, kuma ruwan gishiri kaɗai ke cikin akwati, a sa masa shi nan take, ba jira, ba neman wani. Akwai ma inda ruwan gishirin ne ya fi. Ɗan kabu-kabun da ya faɗi ya bugu a ka, ruwan gishiri ne ya dace da shi, domin Ringer ya ɗan fi jini tsinkewa, yana iya ƙara kumburin ƙwaƙwalwa. Gwajin Burazil ɗin da marubucin ya kafa hujja da shi ya nuna alamar cewa masu rauni a ka sun fi tsira da ruwan gishiri. Haka mai aman da ya zubar da kulorayid ɗinsa. Wannan kuwa rusa matsayin marubucin ya yi. In ruwa ruwa ne, me ya sa wannan leda ta fi dacewa da mai rauni a ka, waccan ta fi dacewa da mai kwalara? Ma'aikacin da ya san dalili ya fi saurin yanke shawara a kan wanda aka ce masa kawai ya rataya, domin jinkiri daga ruɗewa yake zuwa, ruɗewa kuma daga rashin sani.

Illar maƙalar ba za ta tsaya a asibiti ba. Kowa ya san darajar da ƙarin ruwa ya samu a idon jama'a: da yawa ba sa jin an yi musu jinya sai an rataya leda, har akan tarar da mai gajiya ko mai ɗan zazzaɓi yana neman wanda zai zo gida ya sa masa ruwa, ba a auna nauyi ba, ba a saurari ƙirji ba. Tsoho mai ciwon zuciya, mai ciki da jininta ya hau, mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, su wannan al'ada ta fi yi wa barazana. Kada kuma kwatancen miyar yakuwa ya sa wani ya ɗauka kanwar sha magani ce: tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da wankan jego mai zafi. Jiki yana da iyakar gishirin da zai ɗauka, ta baki ko ta jijiya. Wanda ya ce wa jama'a leda ba ta cutarwa ya ƙara ɗaure wa wannan al'ada gindi. Abin da ya kamata mu yi ta nanatawa shi ne darajar ƙullin gishiri da sukari na sha. Tsarinsa na 2002 a kowace lita yana da sodiyam milimol 75, kulorayid 65, fotasiyam 20, da sitiret mai kashe tsami, kuma hanji a hankali yake tsotsar sa. Uwar da ta dama shi a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta tun zawon farko, ta haɗa da ƙwayar zinki, sau da yawa ta raba ɗanta da allura da leda baki ɗaya.

Matsayina ke nan, kuma ban ga abin da zai gusar da ni daga kansa a maƙalar ɗan'uwana ba. Ruwan jijiya magani ne: yana da iri, yana da adadi, yana da lokacin farawa da na tsayarwa, yana kuma da wanda bai kamata a ba shi ba. Tun 2006 Nijar ta ɗauki alkawarin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, don haka ledar da za ta isa cibiyar ƙauye zaɓin hukuma ce. Hukumomin lafiya na gundumomin Mayahi da Tasawa su tabbatar kowace cibiya tana da Ringer da ruwan gishiri duka biyu kafin damina ta yanke hanyoyi. Duk majinyacin da za a tura gaba, a rubuta a takardarsa irin ruwan da aka sa masa, leda nawa, cikin awa nawa, da ko ya yi fitsari. Wannan alƙalami kawai yake ci. Asibitocin gunduma su sami na'urar auna gishirin jini tare da kayan aikinta. Tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ta auna kulorayid a jinin majinyatanmu masu masassara da tamowa da zawo, domin mu yi hukunci da alƙaluman gida. Iyalai kuma su daina auna ƙwarewar ma'aikaci da yawan ledar da ya rataya. Malam marubuci, burinmu ɗaya ne, majinyacin Gidan Amumune ya koma gida da ƙafarsa. Amma talaucin asibiti dalili ne na ƙara kula da kowace leda, kuma talaka ya cancanci a zaɓar masa ruwa kamar yadda ake zaɓar wa kowa. Ina roƙonka ka janye shawarar a rataya duk abin da aka samu, ka sa alƙalaminka cikin masu neman a kawo ledar da ta dace, a sa ta ga wanda ta dace, gwargwadon da ya dace.